Ruwan da bai janye ba

Wata Laraba a tsakiyar damina, ina 'yar shekara tara, motocin gwamnati suka tsaya a bakin rijiyarmu aka ce mu kwashe kayanmu mu tashi. An gama gina madatsar ruwa a kan kogi, ruwa na tafe. Baffana bai ko ajiye fartanyarsa ba. Mu mutanen fadama ne, mun san ambaliya. Duk shekara kogi yakan shigo har gindin tsamiya, mu yara mu kama tarwaɗa da kwando, in ya janye ya bar mana laka mai taushi, mu dasa albasa da dankali.

Saboda haka muka tashi kamar masu zuwa biki. Inna ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, ta ɗora dutse a kan turmi kada ya bi ruwa. Baffa ya liƙe rumbun iri da yumɓu, ya ce, "Bari kogin ya sha iyakar shansa, da kaka muna nan." Kabarin yayata Hajara, wadda ƙyanda ta ɗauke, ko ƙaya ba a ƙara masa ba. Wa ke sallama da abin da zai dawo ya tarar?

Kaka ta zo, rani ya wuce. A tudun da aka zube mu, ƙasa tsakuwa ce zalla. Kullum da yamma Baffa yakan gangara ya kafa kara a bakin ruwa, da safe ya tarar ya nutse. Har ya rasu bai yi shuka mai kyau ba, yana jiran tasa gonar.

Sai da na yi jikoki na koyi karatu, a nan Birmingham ta ƙasar Ingila, wajen 'yata likita. Malamarmu 'yar Wales ce, maƙwabciyar Ingila. Ita ta faɗa mana ruwan famfon garin nan daga ƙasarsu yake zuwa, daga kwarin da aka nutsar da gidaje da gonaki da cocin mutanenta, masu harshensu daban da Turanci. Ta ce in aka yi fari, ruwan yakan ja baya, jikokin mutanen kwarin su je su ga tushen bango.

Wallahi hassada na ji. Nasu ginin dutse ne. Namu ginin ƙasa ne, tun daminar farko ya narke.

Jikana ya buɗe taswira a waya ya ce, "Hajiya, nuna min garinku." Na daɗe ina kallon shuɗin nan mai nuna ruwa. Ban san inda zan ɗora yatsa ba.