Ranar da Na Yi wa Mai Rai Ta'aziyya

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na kashe mutum da bakina a gidan rediyonmu na Tamale ba. Lokacin wata huɗu ke nan da ba ni shirin Hausa na safe.

Ƙa'idar aikin ita ce, mai gabatarwa ya rubuta abin da zai faɗa, furodusa, wato mai duba shiri, ya sa hannu. Ranar furodusana ya tafi suna Kanvili, ni kuwa ina jin kaina gwani. Na sa tsohuwar waƙar Alhaji Isifu Mai Gita, wanda iyayenmu suka yi rawarsa suna samari. Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, sai kawai na ce, "Allah ya jiƙan marigayi." Na yi minti biyar ina yabonsa, har da rawar murya.

Waya ta hau ruri. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Bulpiela, ƙanwarsa ta taso daga Gumbihini tana kuka.

Manajarmu tana cikin rubuta mini takardar dakatarwa sai ga marigayi a kan babur, da furfurarsa, gita a baya.

"Wane ne ya kashe ni?"

Na durƙusa. "Baba, ni ne."

"Madam, kar ki kore shi," in ji shi. "Shekara ashirin ba wanda ya yabe ni haka a rediyo. Amma ina da wasa bayan la'asar, shi zai gabatar da ni."

Haka na tsaya gaban jama'a, na ce, "Ga wanda na binne da safe." Wuri ya cika maƙil, wasu sun zo ne kawai su tabbatar. Muryarsa ta dushe, a waƙa ta uku sai da aka kawo masa kujera. Duk inda numfashi ya yanke masa, tsofaffin mata ke ƙarasa baitin, suna share ido da bakin mayafi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku ce marigayi sai kun kira iyalan mutum. Tsofaffin mawaƙan nan kuma suna nan, suna wasa duk mako. Ku je ku same su, ku yabe su tun kunnensu na ji.