Jirgin da Ya Kauce wa Kakata

Har yau in na wuce inda aka baza barkono a rana, yajin ya daki hancina, sai gabana ya faɗi. Ba za ka gane dalili ba sai na ba ka labarin fakon ƙauyenmu.

Ta hanyar Danja yake, dogo, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ko ciyawa ba ta kama shi. Nan matan gidanmu ke shanya bayan girbi. Ƙananan jiragen masu koyon tuƙi kuwa sun saba ratsowa ta kanmu daga wajen Zariya, har mun daina ɗaga kai.

Wata shekara barkonon kakata ya yi kyau, ta baza shi a fakon. Ita kuwa mace ce da ko kaza ba ta ɗaga wa ƙafa in ta taɓa mata shanya. Da hantsi muna zaune gindin ɗorawa ni da ita, sai ga jirgi ƙasa-ƙasa, injinsa na tari yana ɗaukewa. Ya kewaya sau ɗaya, ya miƙo fakon.

Mu ina muka san wurin sauka yake nema? Ita dai shanyarta ta gani. Ta zabura da sandar korar awaki, ta tsaya tsakiyar fakon tana kaɗa masa, wai ya yi can. Na yi ta ƙwala mata kira, ƙarar ta shanye muryata.

Ya kauce mata. A kan idona fiffiken ya karkata, jirgin ya faɗa gonar dawa, ya ci karo da kunyoyi, ya kife.

Maza suka sheƙo da gatura. Saurayi ne shi kaɗai a ciki, ko gemu bai ajiye ba. Aka zaro shi, aka kwantar a tabarmarmu. Ba mota a ƙauyen, ba mai magani, ba abin da muka iya sai fifita da salati. Kakata ta durƙusa a kansa. "Ɗan nan, don me ba ka bi ta kaina ba? Ai ni na ci zamanina." Ya motsa leɓe, ba mu ji komai ba. Sai bayan azahar aka zo aka ɗauke shi, da sauran numfashi.

Shi ke nan, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Duk wanda ya dawo daga Zariya sai ta tare shi: "Malam, yaron jirgin nan, ya tashi?" To, wa zai sani?

Yanzu gidaje sun cinye fakon, kowa da waya a aljihu, labari kan riga mai shi isa gida. Na yi cigiya har na gaji, amma yaya ake neman wanda ko sunansa ba a sani ba?

A ciwon ajalinta ni na yi jinyarta. Ta sake tambaya, ta tsare ni da ido. Na ce, "Ya tashi, Kaka, har ya yi aure." Ta yi hamdala. Allah ya yafe mini, har gobe ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.