Tagogi Huɗu na Baba Arzika

Da an sallame asuba, Baba Arzika yakan fito daga Ƙofar Rini da tsanin katako a ɗaure a jikin kekensa, bokiti na lilo a gefe. Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke gilasan ofisoshi da shaguna a Sama Road. Da bazara yakan gama kafin ƙarfe goma, domin idan rana ta gasa gilashi, ruwan bushewa yake yi tun tsumma bai iso ba. Mutum ne mai fara'a, amma ka kuskura ka dafa gilashin da ya goge, ranar za ka ji tarihinka.

Aikin da ya fi so kuwa ba a Sama Road yake ba. A Gidan Igwai akwai wani ɗan bene inda Malama Sadiyatu ke koyar da yara kurame goma sha tara. Da hannu take magana, su kuma da ido suke ji. Wutar lantarki sai ta ga dama, saboda haka hasken ajin duk daga tagogi huɗu yake shigowa. Kowace Litinin Baba Arzika ne ke wanke su.

Daminar bara aka aiko jami'ai biyu su duba ko ana karatu a ajin. Idan ba su gamsu ba, rufewa za a yi, yaran su koma zaman gida. Suna zama sai hadari ya taso daga gabas. Iska ta kwaso jar ƙasa, yayyafi ya biyo baya, gilasan suka zama taɓo. A buɗe taga, iska ta yi gaba da littattafai. A rufe, duhu. Malama ta yi tambaya da hannu har sau uku, yaran baya suna ta ƙifta ido, jami'an kuma sun fara kallon juna.

Sai ta ga tsumma ya ratsa taɓon daga waje. Ranar Laraba ce, ba ranarsa ba.

Ta leƙo tana ihu: "Baba, don Allah ka sabka! Iskag ga na iya kada ka!"

Ya ce, "Malama, koma ciki. Ɗiyan ga da ido su ka ji. In tagag ga ta yi duhu, mi munka bar musu?"

Kusan awa ɗaya ya yi yana hawa yana sauka. Kafin ya gama ta huɗu, ta farko ta sake ɓaci, ya ja tsani ya koma. Mai shayin da ke ƙasa ya rantse sau biyu tsanin yana zamewa. A ciki kuwa hannuwa goma sha tara suna ta tashi, kowa na son a kira shi. Ba a rufe ajin ba.

Baba Arzika, kai ne ka ga hadari, kowa na gudun gida, ka tuna da ajin da babu ɗanka a ciki. Kai ne ka yi kwana biyar kana tari ba ka gaya wa kowa dalili ba. Arzika mijin Iyatu, maganin duhun aji, wallahi muna ƙaunarka.

Watan jiya gwiwa ta ce ya isa, matarsa Iyatu kuma ta kulle tsanin a ɗakinta don ta san halinsa. Mun gode, Baba. Allah ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka wa yaran nan.

Sauran mu fa? Damina ta kusa, yaran yanzu sun kai ashirin da uku, tagogin suna nan guda huɗu. Ba takardar shaida ake nema ba. Tsumma ne da bokiti, ranar Litinin da safe.