Baƙon da Ƙasa Ta Ƙi Ci

A gidanmu na Azare, kakarmu Iya ba ta yarda akwai wani abu wai shi shara ba. Toka ta miya ce, dusa ta awaki, ɓawon gyaɗa na wuta. Abin da ya rage sai juji, shi ma da rani jakuna ke kwashe shi zuwa gonarta ta hanyar Katagum. Ko da leda ta shigo gari muna 'yan firamare, juji Iya ta riƙa jefa ta, don a saninta babu abin da ƙasa ba ta ci.

Wani yammaci na sanyi mun zagaye murhu bayan tuwo, amma babu mai dariya. Jar akuyar Iya ta daina cin komai, cikinta ya kumbura. Nononta kuwa shi ake ba ƙanwata Ladi, jaririya, tunda na mahaifiyarmu ya ƙafe. Baba ya riga ya wasa wuƙa, kada akuyar ta yi mushe.

"Maigidana, matso," in ji Iya, don haka take tsokanata. "Ga wata tatsuniya nan, ku tara kunne."

Wai ƙasa ce ta yi wa mutanen wani gari alkawari, duk abin da suka ba ta za ta ci, ta mayar musu da gero. Suka ba ta ƙashi ta ci, suka ba ta tsumma ta ci. Rannan sai ga wani baƙo marar nauyi, yana ɗaukar wa kowa kaya. Da ya tsufa suka binne shi. Damina ta wuce, sai ga shi a kan ƙaya yana rawa. Suka jefa shi wuta, wari ya sa yara tari.

"To Iya, sai suka yi yaya?" na tambaya.

Akuyar ta yi wani irin kuka, ta shure ƙafa. Baba ya miƙe.

"Iya, za ta wuce fa."

"Dakata, Malam, ko za ta tashi."

Daga ɗaki Ladi ta tsala kuka. Sai Iya ta ce wa Baba, "Yi bismillah."

Da aka feɗe akuyar, sai ga dunƙulen leda a tumbi, ya kai girman ƙwarya. Iya ta sa kara ta tona, ta gane ledar gishiri da ta ƙosai.

"Ashe zargina gaskiya ne," ta ce. "Da hannuna na zuba mata a juji."

Ladi ta rame har muka fid da rai, da ƙyar kunu ya riƙe ta. Iya kuwa ta koma zuwa kasuwa da kwandonta, kuma ba ta taɓa ƙarasa mana tatsuniyar ba. Na daɗe ina jin haushin haka, sai da na girma na gane ita ma ba ta san ƙarshenta ba.

Bara na je gonar, garma ta tono leda daga tsohon takin nan. Ƙasa ta daɗe da karɓar Iya, Allah ya jiƙanta, amma baƙon nan har yau ta ƙi shi.