Busasshiyar Ƙofar Hajja

Jiya ɗana yana wanke mota, ruwan ya gangara ya jiƙa ƙasar bakin ƙofa, sai ƙamshin ya buge ni. A Sabha ruwan sama ba ya ba mu wannan ƙamshi sai ya ga dama. Mu a hannun mata muka san shi.

A layinmu na Mahdiya, ina yarinya, da gari ya waye kowace mace za ta share bakin ƙofarta ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Larabawa masu gida da mu ƴan Nijar masu haya, duk haka muke yi. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce mai duba aikin, ko da yake ba wanda ya naɗa ta. A ƙafa take zuwa kasuwa, ina biye da kwando, idonta na kan ƙofofi. Takan ce ƙofa ba ta ƙarya: in ta jiƙe, mai ita ta tashi lafiya.

A ƙarshen layi akwai wata tsohuwa Balarabiya, Hajja muke ce mata. Ƴaƴanta direbobin manyan motoci ne a hanyar Agadas, sai su daɗe ba sa gari. Ita da kakata ba mai jin yaren wata sosai, amma tare suke shan shayi, kowace na zuba da harshenta, har faɗa suke yi a haka su shirya.

Wata safiya cikin bazara, iska mai zafi ta kwana tana hurawa, muka tarar da ƙofar Hajja a bushe, rairayi ya taru a dokinta. Kakata ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta kira, shiru. Ta sa aka tsayar da babana, yana shirin fita aikin gini da gudumarsa a hannu.

Maza suka taru, kowa na kallon ƙasa. Babana ya ce a bi a hankali. Gidan ƴan ƙasa ne, mu baƙi ne, iƙamarsa kuma, takardar izinin zama, ta ƙare. In aka fasa ƙofa, ko cokali ne ya ɓata, shurɗa, wato ƴan sanda, ba za su tambayi dalili ba, loda mu za a yi a mai da mu iyaka. Kada ku ce matsoraci ne. Gaskiya ya faɗa, mun ga an yi wa wasu.

Kakata ta dube shi sama da ƙasa. “Ni na haife ka ko takarda? Ba ni gudumar nan. In sun zo ka ce musu uwarka mahaukaciya ce.”

Bai ba ta ba. Shi ya fasa kwaɗon da kansa. Hajja na kwance kusa da famfo, bokiti a kife, ƙugunta ya karye, rana ta fara hawa kanta. Ruwan yayyafin ta je ɗiba ta zame. Kakata ta jiƙa mayafinta tana ɗiga mata a leɓe har aka samo mai kai ta likita.

Ranar da babban ɗan Hajja ya dawo, babana ya kasa cin abinci. Mutumin ya zo ya cika mana ƙofa, ya sunkuya ya sumbaci kan kakata kamar yadda suke yi wa uwa. Ita kuwa ba ta raga masa ba. Ta wanke shi tas da Hausa, wadda ya koya a hanya, kan barin tsohuwa ita kaɗai. Da ya sa sabon kwaɗo, makulli ɗaya a gefen zanen kakata ya ƙare.

Yau a unguwar Abdulkafi nake, gidan ɗana. Shi da matarsa aiki ya kwashe su tun safe. A cikin gida muke shiga mota, a cikin gida muke sauka, gilashi baƙi, ƙofa ta ƙarfe, bisa kanta kyamara na jiran ɓarawo. Ba na zagin mota, gwiwoyina sun gode mata. Amma da furfura na shiga lakwal, makarantar boko, na iya karanta kowane allo a titi, ga shi ban san fuskar maƙwabcina ba.

Kwanan baya muna dawowa, muka tarar tantin makoki ya tare layin. Ɗana ya fara juya mota zai bi ta baya, na ce ya tsaya ko in buɗe ƙofar tana tafiya. Na shiga wurin mata na yi gaisuwa. Matar mamacin ta riƙe hannuna, ta ce ya daɗe yana jinya, ta tambaye ni ko na sha wuyar gane gidan. Na ce mata bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu.

Ta sake dubana da kyau.

“Ashe ke ce mai tarin asuba,” ta ce. “Kullum in ya ji sai ya ce, Allah ya ba baiwar Allahn nan lafiya.”