Gwajin da Baba Ya Ce Ya Ci

Ranar Talata, muna cikin darasin lissafi, aka kira ni ofishin shugabar makaranta. Na tarar da Kawu Sani, ƙanin mahaifina, ya zo daga Gulma da taɓon fadama a ƙafarsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Hadiza, sai haƙuri. Babanki ya faɗi a gona da hantsi, Allah Ya yi masa cikawa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, Malam Umaru, manomin shinkafa ne. Ba ya sa hannu a kwano sai 'yan aikinsa sun ci. Idan aka ce ya huta, yakan ce, "Shinkafa ba ta san ina da gajiya ba."

Wata uku da suka wuce, bugun zuciya ya kwantar da shi a asibiti a Birnin Kebbi. Da ya farfaɗo, likita ya ce sai an gwada zuciyar da motsa jiki kafin a san ko zai koma aiki. Ni na raka shi, don ni ke jin Turanci. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka hau da shi wata na'ura mai shimfiɗa da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa. Duk sanda aka tambaye shi ƙirjinsa, sai ya ce, "Lahiya lau, ƙara gudu!" Likita ne ya kashe na'urar, don ya ga jini ba ya isar zuciyar idan ta wahala. Ya hana shi aikin ƙarfi sai an sake duba shi a Sakkwato.

A gida, gaban dattawan da suka zo dubiya, Baba ya ce, "Na ci gwaji. Injin ne ya gaji, ba ni ba." Aka yi dariya. Ina tsaye a bakin ƙofa, na san ba haka ba ne. Amma ta yaya ɗiya za ta ƙaryata ubanta a gaban mutane? Daga baya na faɗa wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Ga dashe ya zo. Wa zai riƙe shi a gida?"

Ban sake magana ba. Na koma makaranta.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna da ƙannena haƙurin rashinsa. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka yafe mini shirun da na yi. Amin.