Katin Maganin Alkasum Mai Ruwa

Shekara talatin da huɗu Alkasum ya yi yana buɗe wa manoman rani ruwa a filayen noman Konni. A wani ƙauye kusa da Bazaga aka haife shi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, aji shida ya bari, ya zo birni wajen kawunsa, aka ɗauke shi aikin yashe magudana. Daga baya aka damƙa masa makullan ƙofofin ruwa. Kullum bayan sallar asuba yakan bi bakin babbar magudana da ƙafa, ya buɗe wa masu albasa, ya rufe wa masu alkama, ya lallashi wanda yake ganin an tauye masa rabo. Kowa Mai Ruwa yake ce masa.

Yana da shekara arba'in da tara ciwon sukari ya kama shi. Da ƙishirwa abin ya fara, sai rama, har matarsa Barira ta tsaya masa sai da ya je asibiti. Aka fara da ƙwaya, bayan shekara shida aka koma allura safe da yamma. Gidan babu firij, sai Barira ta sa ƙaramar tukunya cikin babba, ta zuba yashi tsakaninsu tana jiƙa shi, nan kwalbar allurar take zama da sanyinta. Duk tsawon wannan lokaci wurin aikinsa ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin magani. Takarda yake karɓa a buro, ofishin wurin aikin, ya kai farmasi, ya cika ɗan abin da ya rage.

Saura wata uku ya cika sittin, ma'ajin buro ya kira shi ya gaya masa fansho zai riƙa zuwa, amma takardar magani ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare. Ya ce ya nemi asiransi, wato inshorar lafiya, tun da wuri. Alkasum ya fito ya zauna gindin itacen bedi ya daɗe. Barin aiki bai dame shi ba, gwiwoyinsa sun gaji. Allurar ce, wadda ba a yi mata hutu ko na kwana ɗaya.

Ɗansa Sabi'u, mai sayar da kayan babur a Sakkwato, shi ya fara kawo shawara. Ya ce su tattara su koma wajensa, ya sa su cikin tsarin lafiya na can. Alkasum ya ji daɗin maganar har cikin ransa, amma ya tuna shekarar da aka rufe iyaka, mutane suna bin daji don su kai majinyaci. Kuma gonarsa ta gado tana Bazaga. Ya ce wa yaron ya bari ya duba tukuna.

Sai wani matashi mai suna Hafiz ya zo har gida a kan babur, wakilin wani kamfanin asiransi na Yamai. Takardarsa mai ƙyalli ce, da hotunan manyan asibitoci. Ya karanta masa da Faransanci yana fassarawa, har suka zo inda ake tambayar ko mutum yana da ciwon da ya daɗe yana fama da shi. Hafiz ya ce idan an rubuta gaskiya kuɗin wata zai kusa ninkawa, shi ya sa wasu suke barin wurin fili. Alkasum ya yi murmushi ya ce duk Konni ta san yana allura, har mai shayin bakin tasha ba ya sa masa sukari. Ya karɓi takardar ya ajiye, bai sa hannu ba.

Akwai kuma wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata, ɗaki ɗaya take da shi bayan kasuwa, ana ce mata mutuwel. Kowa yana zuba kaɗan duk wata, wanda ciwo ya kama a biya masa. Barira da ta ji sunan ta ce ita ba ta son abin da ya yi kama da mutuwa tun daga baki, sai da aka daɗe ana yi mata bayani.

Alkasum ya yi mako biyu yana juya takardun, kansa yana ƙara ɗaurewa. Barira ce ta tuna masa da Delu, matar marigayi Labo, abokin aikinsa da ya riga shi ritaya, wanda ya shiga irin kamfanin su Hafiz ya yi jinyar hawan jini shekara huɗu. Delu ta koma Malbaza wajen ƴarta. Ranar Laraba ya hau mota ya tafi.

Ya same ta tana gyaran zogale a tsakar gida. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci ya faɗi abin da ya kawo shi. Delu ta ce ba za ta ci haƙƙin kowa ba, kamfanin ya biya duk abin da ya yi alkawari. Amma sai sun sayi magani da kuɗinsu, su aika takardun shaida Yamai, su jira wata uku, wani lokaci huɗu. Sau biyu aka maido takardun saboda hatimi bai fito sosai ba. A cikin jiran nan ta sayar da tumakinta.

"Mai Ruwa, kada ka tambaye su nawa za su biya," in ji ta. "Tambaye su yaushe. Kuma ba mai kawo takarda za ka tambaya ba, tahi wurin mai farmasi, shi ya san wa ke biya."

Ta haɗa shi da ƙullin busasshen zogale, ta ce ya kai wa Barira.

Washegari ya je farmasin da ya saba. Mai farmasin ya ce yana karɓar katin mutuwel a nan take, mutum ya cika kashi uku cikin goma ya ɗauki allurarsa ya tafi. Sukan makara wajen biyansa, amma tsakaninsa da su ne, ba ruwan majinyaci. A ɗakin ƙungiyar kuma sakatare ya faɗa masa abin da ba shi da daɗi. Mai tsohon ciwo sai ya yi wata shida yana zubi kafin kati ya fara aiki, kuma ba sa ɗaukar babbar tiyata a Yamai. Amma mata tana shiga katin mijinta.

Ya zauna da Barira bayan la'asar suka auna. Tiyata tana iya zuwa, tana iya rashin zuwa, wannan na Allah ne. Allura kuwa kullum ce. Ya koma ɗakin mutuwel ya sa hannu, a wurin tambayar ciwo ya sa aka rubuta sukari, shekara goma sha ɗaya. Sabi'u bai ji daɗi ba, ya yi kwanaki gaisuwarsa a waya gajera ce.

Watanni shidan nan su ne abin tsoro, don fanshon farko bai zo da wuri ba. Bai gaya wa kowa ba. Amma ritayarsa ta zo daidai da cirar albasa, sai wata safiya aka tsayar da amalanken jaki biyu a ƙofar gidansa. Manoman da ya yi wa hidima ne suka haɗa masa buhu goma sha huɗu na sallama. Cikin masu saukewa har da wani dattijo da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna saboda rabon ruwa. Alkasum ya yi ta riƙe hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Barira ta hana a sayar a lokacin. Aka zuba albasar a rumbu ana fitar da ita kaɗan-kaɗan da farashi ya tashi, kuɗinta ne ya riƙe allura har kati ya buɗe.

Zaman gida ya so ya cuce shi. Sukarin ya hau, majo, babban malamin asibitin unguwa, ya ce tafiyar da ya bari ce, ya koma yawo da safe ko ba aiki. A wata na tara da shigarsa ƙungiyar ƙaya ta soke shi a dunduniya bai ji ba, sai da wurin ya ruɓa Barira ta gani. Mako biyar yana zuwa wankin ciwo, da kati a aljihu, ba wanda ya ce ya kawo kuɗi kafin a taɓa shi. Ƙafar ta warke, tabo kawai ta bari. Sabi'u ya zo dubiya, ya juya katin a hannu ya karanta gaba da baya, ya ce daga yanzu shi zai riƙa aiko da zubin wata. Alkasum ya sa masa albarka, ya kuma aika wa Delu kwanon gero biyar na sabon girbi da saƙon godiya.

Da damina ta wuce aka kawo likitan ido Konni na kwana uku. Barira ta daɗe tana ƙorafin ba ta ganin ramin allurar ɗinki, sai ya kai ta da katin nan. Aka auna ta, bayan mako biyu tabarau ya iso. A tsakar gida ta saka shi, ta dubi bango, ta dubi akuya, sannan ta juyo ta ƙura wa mijinta ido.

"Malam, ashe haka ka yi hurhura ban sani ba?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce alhamdu lillahi da ya kai lokacin da za a ga hurhurar tasa, ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.